Ranar da Inna Ta Wanke Bututun Injiniya

Ni na fi shi lissafi. Gara in faɗi wannan tun labarin bai yi nisa ba, domin shekaru da yawa da wannan maganar nake kwana, da ita nake tashi, kuma har yau ban janye ta ba.

Benci ɗaya muka zauna da abokin nan nawa tun daga aji ɗaya har muka gama sakandare a Kafanchan, a shekarar tamanin da bakwai. Shi ɗan manoma ne daga Madakiya, Kirista, ni kuwa ɗan mai sayen citta ne a kasuwar gari, gidanmu tun kakanni a nan yake. Ranar Litinin yakan zo da dafaffiyar gwaza a ƙunshe, ni in zo da aikin gida a warware, mu yi musaya. Da sakamako ya fito na wuce shi a lissafi da tazarar da har malaminmu sai da ya yi magana. Amma a damanar nan ciwo ya kwantar da Babanmu, rumfar citta ba mai zama, ga shi ni ne babba. Shi ya tafi Zariya karatun injiniya, ni na yi kwaleji a nan gida, rabin rana a aji, rabin rana a kan buhunan citta da ake kawowa daga Kwoi, na fito malamin lissafi. Ban taɓa cewa ya cuce ni ba. Sai dai duk hutun da ya zo, Innata ta tare shi da "Maraba da ɗana injiniya," ta tsamo masa cinyar kaza, ni ina gefe ina kallo.

A tsakiyar shekarun casa'in, yana karatun digiri na biyu, malaman jami'a suka tafi yajin aiki, aka rufe ɗakunan gwaji. Wata Asabar da hantsi sai ga shi ya sauko daga acaba a ƙofar gidanmu, rungume da wani abu a naɗe cikin tawul kamar mai jariri.

"Mutumina, ka taimake ni ka ajiye mini wannan," in ji shi. "A Madakiya yara da akuya ba za su bar shi ba. Kai kana da kabad mai makulli."

Ya warware tawul ɗin a kan teburina. Bututu ne na roba mai haske, tsawonsa bai wuce daga gwiwar hannu zuwa yatsu ba, yana da baki huɗu. A ciki akwai fararen zaruruwa da yawa a jere, sirara kamar taliya, kowane zare da rami a tsakiyarsa. Ya ce malamin da ke duba aikinsa ne ya ɗauko shi daga ƙasar waje a cikin akwatin kayansa, kuma babu na biyunsa a sashensu kaf.

"Ruwa zai bi ta cikin zare, iska shi zai bi ta waje," ya ce da Hausarsa ta Madakiya da ba ruwanta da mace ko namiji. "Ba za su gauraya ba, amma za su gaisa."

Na ce ta ina za su gaisa, tunda akwai bango a tsakani. Ya ce jikin kowane zare cike yake da ƙofofi ƙanana da ido ba ya gani. Iskar da ake son cirewa, irin wadda ke tashi a lemon kwalba, tana bi ta ƙofofin nan ta shiga ruwa ta narke, ragowar iskar ta wuce a tsaftace. Ruwan kuwa ba ya fitowa ta ƙofofin, domin robar ba ta jiƙuwa. Aikinsa shi ne ya rubuta lissafin da zai faɗi yawan iskar da za ta tsallaka, sannan ya gwada ya gani ko lissafin ya yi daidai. Ya ɗauki takarda ya zana mini shinge uku: jinkirin da iskar ke yi a nata gefen, jinkirin cikin ƙofa, da jinkirin gefen ruwa. A haɗa ukun, a san saurin tafiyar, kamar motar Zonkwa da ake tsayarwa sau uku a hanya.

Zama ɗaya na gane abin gaba ɗaya, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai. Da lissafin ya fi ƙarfina da na haƙura. Amma lissafin da nake koya wa 'yan aji shida ne aka sa wa babbar riga, ga shi za a ba mutum digiri a kansa, ni ina can ina kora yara daga taga.

Kafin ya tafi ya ja ni bayan gidanmu, inda gwaza ta fito a bakin makwarara. Ya tsinko ganye ɗaya ya ɗiga masa ruwa. Ruwan ya dunƙule yana gangarawa, ganyen a bushe. Sai ya dangwali sabulun wanke-wanke da yatsa ya sake ɗigawa. Nan take ruwan ya baje ya kwanta a jikin ganyen.

"Ka gani? Sabulu shi ne maƙiyin wannan abu. In ya taɓa shi, ruwa zai shiga ƙofofi ya zauna, iska kuma sai ya yi iyo kafin ya wuce. Don Allah ka gaya wa su Mama."

Na ce to. Ban gaya wa kowa ba. A raina na ce, ni zai zo ya ba umarni a gidan ubana, har da zana mini hoto kamar ɗan aji ɗaya? Kabad ɗin kuma cike yake da takardun jarrabawa, na ji ƙyuyar kwashewa, sai na ɗora bututun a samansa na yi tafiyata.

Innata tana da doka guda da ba ta taɓa karyawa. Kayan baƙo ba ya fita daga gidanta da datti. Kwanon da maƙwabciya ta aiko da shi sai an wanke an goge kafin a mayar. In ka kwana a gidanmu ka bar takalmi a ƙofa, za ka tashi ka same shi yana shan rana. Ko lemar wani ce ta kwana biyu a zaure sai ta sha ruwa. A wurinta wannan ba tsafta ba ce kawai, mutuncin gida ne.

Wata Alhamis na dawo daga makaranta da azahar. Ina shiga tsakar gida na hango shi. An kifa turmi an jera kwanuka a kai suna bushewa, ga bututun injiniya a tsakiyarsu yana ƙyalli, tawul ɗinsa a shanye a igiya. A gefe bahon wanke-wanke yake, kumfa ba ta gama kwanciya ba. Inna tana ɗaki tana salla.

Na tsaya na daɗe ina kallonsa. Na san abin da ya faru sarai, domin ni aka nuna wa ganyen gwaza. Da farko gabana ya faɗi. Daga baya wani sanyi ya biyo, kuma ba zan ɓoye ba, daɗi ne. Ban wanke da hannuna ba, ban sa a wanke ba. Abin da ya rage mini kawai shi ne in yi shiru, shiru kuwa ba a kai mutum kotu a kansa. Na jira ya bushe, na naɗe shi a tawul yadda ya zo, na kwashe takardun jarrabawa, na sa shi a kabad na kulle da makulli. Na ce wa kaina ai ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Da aka janye yajin aiki ya zo ya karɓi kayansa. Ya ga makulli a jikin kabad ya ce, "Ubangiji ya sa maka albarka, na san hannun da na ba." Na raka shi tasha har ina riƙe masa jaka.

Wata huɗu ban ji ɗuriyarsa ba. Ranar da ya dawo sai da na sake dubansa kafin na gane shi, wuya ya yi tsawo, kwalar riga tana yawo. Ya baje takardu a kan teburina. Gwajin da ya yi kafin yajin aiki ya hau layin lissafinsa ɗaf. Wanda ya yi bayan an dawo kuwa duk ya zube ƙasa, iskar da ke tsallakawa ta ragu sosai. Ya sake gwaji, ya canza ma'auni, ya canza ruwa, ya koma ya bi lissafinsa layi-layi, ba abin da ya sauya. Malaminsa ya fara zargin ko sakamakon farko ma ƙirƙira shi ya yi. An ba shi zuwa ƙarshen zangon karatu ya kawo bayani, in ba haka ba a soke rajistarsa. Ga kuma wani aiki a Kaduna da aka ce za a ɗauke shi muddin ya gama a shekarar.

"Kaina ya tsaya, mutumina," ya ce. Ya turo takardun gabana. "Kai ka fi ni lissafi tun muna yara. Kowa ya sani. Duba mini."

Shekara nawa ina jiran wannan magana daga bakinsa! Na ji ta har tafin ƙafata. A nan ne ya kamata in ce masa, ɗan'uwa, Inna ce ta wanke, laifina ne. Magana ɗaya ce, da ya huta. Amma in na faɗa, zan zama mutumin da aka ba ajiya ya yi sakaci. In kuwa na yi shiru na ɗauki biro, zan zama wanda ya warware abin da ya gagari jami'a. Na ɗauki biro.

Mako uku na yi a kai, a ɗakin malamai, tsakanin darasi da darasi, abokan aiki suna tsokanata wai zan harba roka daga Kafanchan. Na shiga aikin ina sane da amsa, kamar ɗalibin da ya leƙa bayan littafi. Na raba shingen tsakiya gida biyu. Na ce a ɗauka wani kaso na kowace ƙofa ruwa ya cika shi, ragowar kuma iska ce. Iska tana tafiya a cikin ruwa da jinkiri ƙwarai fiye da yadda take tafiya a sarari, don haka ko ɗan ruwa kaɗan a bakin ƙofa ya isa ya riƙe ayari gaba ɗaya. Na yi ta gwada kason nan da kalkuletar makaranta, ina ƙarawa ina ragewa, har na sami guda ɗaya da ya ɗauko duk ɗigon sakamakon gwajin da suka zube ya jera su a kan layi. Ban taɓa yin lissafi mai kyau kamar wannan ba a rayuwata, kafinsa da bayansa.

Da ya zo ya gani sai ya miƙe tsaye ya rungume ni, yana "Yesu na gode" a kunnena. Ya ce ke nan robar tana jiƙa da kanta idan ta daɗe, tsufa take yi, kuma wannan babban bincike ne. Ya ce za su rubuta takarda a aika mujallar masana, kuma sunana ne zai zo na biyu. Washegari muka je wurin wata mai buga takardu kusa da tashar jirgin ƙasa. Na tsaya a bayanta ina kallon sunana yana fitowa harafi-harafi a ƙarƙashin nasa, an rubuta malamin lissafi, Kafanchan. Na karɓi kofi ɗaya na ninke na sa a aljihun gaba. Na san maganar tsufan roba ƙarya ce. Na kuma san da wannan ƙaryar zai tsaya gaban masu jarraba shi. Duk da haka hannuna yana kan aljihun har muka iso gida.

Inna ta yi tuwon acca da miyar karkashi don murna, ko da yake ba ta san murnar mece ce ba, ta dai ga ɗanta injiniya ya dawo da fara'a. Muna ci a inuwar mangwaro ta zo ta zauna a kujerar tsugunno tana kallonmu.

"Ni kuwa ɗana, na manta ban tambaye ka ba," ta ce. "Abin tace ruwan nan naka da ka bari, ya fita kuwa? Ƙura ce ta yi masa kaca-kaca a saman kabad. Sai da na jiƙa shi a ruwan sabulu tun safe, na yi ta ɗura masa ta bakunan nan har sai da kumfa ta fito ta ɗaya gefen."

Lomar da ya ɗauko ta tsaya a hannunsa. Ya dubi Inna, fuskarta fal da jin daɗin aikin da ta yi. Bai dube ni ba.

"Ya fita tas, Mama," ya ce. "Sannu da aiki. Allah ya ƙara ƙarfi."

Ya ci gaba da cin tuwonsa har ya suɗe kwano, don kada ta gane komai. Ni kuwa ban ƙara iya kai hannu ba. Da muka wanke hannu ya ce in raka shi bakin hanya. Sai da muka wuce masallacin unguwa ya tsaya.

"A saman kabad," ya ce. "Ni na same shi a ciki, da makulli."

Ya juyo ya dube ni.

"Ka sani?"

Ƙofar ƙarya a buɗe take. Zan iya cewa na tarar da shi a naɗe na adana, kuma na san zai yarda, domin yana son ya yarda. Ban san abin da ya hana ni ba, wataƙila yadda ya suɗe kwanon nan ne.

"Tun ranar na gani," na ce. "Yana bushewa a kan turmi."

"Kuma da na zo ina kuka da lissafi?"

"Na sani."

Na so ya zage ni, ko ya kai mini naushi, in samu abin riƙewa. Abin da ya ce kawai shi ne, "Wata huɗu ina tunani ni ne daƙiƙi." Ya tsayar da ɗan acaba ya hau. Takardar tana aljihuna, bai ce in ba shi ba.

Ya je ya gaya wa malaminsa gaskiya, ya ce a gida aka wanke bisa kuskure, bai ambaci sunana ba. Hakan ya wanke shi daga zargin ƙirƙira, aka ƙara masa lokaci. Amma sai an sami sabon bututu, kuma sai da aka jira wani zai yi tafiya waje ya riƙo. Kusan shekara guda ta tafi a haka. Aikin Kaduna aka ba wani. A wannan shekarar ya koma Madakiya yana taya tsohonsa noma, na riƙa hango shi ranar kasuwa daga nesa ina sauya layi.

Da sabon bututun ya zo sai ya juya aikin gaba ɗaya. Ya riƙa zuba sabulu da gangan, kaɗan-kaɗan a aune, yana duba yadda ƙofofin ke cika da ruwa da yadda iska ke raguwa. Masu jarrabawa suka yaba, daga nan hanyar karatu a waje ta buɗe masa. Ashe gaskiya ne da ake cewa hassada ga mai rabo taki ce. Ni dai na ga takin da idona, ni na ɗauko shi a kai na kai gonar.

Wata rana direban motar Zariya ya kawo mana ƙunshi. Kundin digirinsa ne, da baƙin bango da rubutun ruwan zinariya. Na buɗe babi na huɗu, ga lissafina nan yadda na rubuta shi, ko harafi bai canza ba. A ƙasan shafin ya sa ɗan rubutu cewa wani malamin makaranta a Kafanchan ne ya fara tsara shi. Bai ci haƙƙina ba, bai kuma sa sunana ba. Na koma shafin godiya. Bayan Ubangiji da iyayensa da malaminsa, sai ga cikakken sunan Innata, har da na mahaifinta, an rubuta: wadda ta yi gwaji na farko.

Tsohuwar da ko sunanta ba ta iya rubutawa da boko ta shiga kundin jami'a da baho da sabulu, ni da na yi mako uku a kan kalkuleta na tashi a wani malami. Na ji kishin uwata, ina faɗa ina jin kunya, amma na ji. Ita kuwa ta karɓe littafin ta sa a adakarta tare da zannuwan Salla. Duk baƙuwar da ta zo, sai ta ciro shi ta ƙwala mini kira, "Zo ka karanta musu wurin da ɗana ya sa ni." Ni ne mai karantawa, ni ne mai juyawa da Hausa. Na karanta wa matan unguwa, na karanta wa dangi daga Zonkwa, na karanta wa mai sayar da manja. Har yanzu na haddace layin. Ta ɗauka wankin ne ya yi kyau, kuma ba wanda ya taɓa gaya mata saɓanin haka.

Bai yanke zumunci ba. Bayan ya dawo daga waje, duk Kirsimeti in ya zo Madakiya sai ya biyo ya gaida Inna, da Salla ma yakan aiko da saƙo. Muna gaisawa, ya tambayi makaranta, in tambayi aiki, har dariya mukan yi a kan malaminmu na da. Maganar bututu ba ta sake haɗa mu ba.

Zuwansa na ƙarshe kafin Inna ta rasu, ya shigo da wata jakar fata cike da takardu, ya zauna a tabarma ya ɗora ta a cinya. Aka kawo abinci, jakar tana nan. Inna ta ga yana ci a takure.

"Haba ɗana, wa zai ci tuwo da kaya a jiki? Ba ɗan'uwanka ya ajiye maka a ɗakinsa mana."

Na miƙa hannu. Ya dube ni ya yi murmushi, ba fushi a ciki ko kaɗan, ya ƙara jawo jakar jikinsa.

"Bar shi, Mama," ya ce. "Ba nauyi."